Yadda Makarantun Ingila Ke Lissafin Yaransu

Yaya, ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. Kin tambaye ni ko karatun nan Ingila ya fi na gida. Karatu dai ban gama aunawa ba tukuna. Abin da ya fara ratsa ni shi ne yadda suke sanin inda kowane yaro yake.

Ran nan autata ta tashi da zazzaɓi, na bar ta a gida, na sha'afa ban sanar ba. Kafin ƙarfe goma wayata ta yi ƙara. Ofishin makaranta ne: an kira suna ba ta amsa ba, tana ina? Sai da ƙwalla ta cika min ido. A nan doka ce a kira suna sau biyu kullum, da safe da kuma bayan hutun rana. Da an shiga aji ake kulle ƙofa. Baƙo sai ya danna ƙararrawa, ya rubuta sunansa, a rataya masa kati a wuya. In an tashi kuwa, wanda iyaye ba su ba da sunansa ba, ko kawun yaro ne, ba za a damƙa masa shi ba.

Da tsada suka koyi wannan. A 2002 wani mai kula da ginin makaranta ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10 a garin Soham, daga baya aka gano an sha kai ƙararsa a wani gari, bayanin bai biyo shi ba. Yanzu malami, mai shara, mai girki, kowa sai hukumar DBS mai binciken bayanan laifi na masu neman aiki ta tona tarihinsa. Cike takardun kan gundure ni, ko gwiwa yaro ya ƙuje sai na sa hannu, amma na fi son haka.

Na san 'yan bindigar da ke sace ɗalibai a gida sun fi ƙarfin rajistar kiran suna, wannan aikin gwamnati ne. Amma ki tuna makarantar Kuriga ta Jihar Kaduna a 2024: da farko an ce ɗalibai 287 aka sace, daga baya hukuma ta ce 137 ne. Har yau abin na ci min rai, a ce adadin 'ya'yanmu ma sai an yi gardama a kai.

Don Allah in kin je taron iyaye da malamai, ki tambayi shugaban makarantar su Abba: in yaro bai zo ba, wa ke kiran uwarsa, kuma da ƙarfe nawa?