Lofen Morta: Abin da Ya Kamata a Duba a Jikin Itacen Kafin a Biya

Yawancin lofen shan taba da ake sassaƙawa a Turai ana yin su ne da saiwar briar, wani ɗan itace da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, kuma tun tsakiyar ƙarni na 19 garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna a wannan sana'a. Lofen morta kuwa asalinsa daban ne. Bishiyar oak ce da ta faɗi cikin fadama ko ƙarƙashin kogi, laka ta binne ta shekaru dubbai a inda iska ba ta shiga, saboda haka ba ta ruɓe ba. Sinadarin tanin da ke jikin itacen yana haɗuwa da ƙarfen da ya narke cikin ruwa, shi ne yake rina shi, daga launin zuma zuwa ruwan ƙasa, har ya kai baƙi ƙirin. A fadamar Brière da ke kusa da Saint-Nazaire a Faransa, masu nemansa kan caka dogon sandan ƙarfe cikin taɓo lokacin da ruwa ya ja baya, har su ji sun taɓa gungume, yayin da a Kuroshiya ake ciro shi daga kogin Sava. Mutanen Ailan ma sun daɗe suna sassaƙa kayan ado da shi, musamman a ƙarni na 19.

Na yi amfani da lofen morta iri biyu, ɗaya mai santsi, ɗaya kuma wanda aka fesa wa yashi, kuma ra'ayina shi ne wanda zai sayi na farko ya ɗauki na feshin yashi. Dalilin yana cikin halittar itacen. Oak yana da manyan ƙofofi a ɓangaren da yake tsirowa farkon kowace shekara, sannan ɓangaren ƙarshen shekara ya fi tauri da matsewa. Idan masassaƙi ya fesa yashi da ƙarfin iska, sai mai laushin ya zaizaye, mai taurin ya tsaya, layukan shekarun bishiyar su fito jere kamar kunyoyin gona. A nawa, idan na bi gefen kan lofen da babban yatsa, ina jin kowane layi ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai wasu siraran jijiyoyi da suka ratsa layukan a gicciye, waɗanda suke ɗan ƙyalli idan haske ya bugo su ta gefe. Wannan zane ba hannun mutum ya yi shi ba, kuma shi ne ainihin abin da mai saye yake biyan kuɗi dominsa. Ƙari ga haka, kaushin yana sa lofen ya zauna a hannu sosai, ba ya kuma ƙona yatsu da wuri.

Mai santsin yana da nasa kyau, musamman idan itacen mai launin zuma ne ko ruwan ƙasa, domin a nan jijiyoyin suna fitowa sarai bayan an goge shi da kakin karnuba. Amma idan baƙi ne sosai, santsin yana haɗiye zanen, sai mutum ya kai shi gaban taga kafin ya ga wani abu. Akwai kuma nau'i na uku, wanda ake ƙwaƙule jikinsa da ƙarfe don a yi masa kaushi na hannu. Ban ga laifinsa a kan briar ba, amma a kan morta ina ganin asara ce, kuma a wasu lokuta hanya ce ta ɓoye tsaga ko wurin da aka cike.

Tsaga ita ce babbar matsalar wannan itace. Gungumen da ya kwana cikin ruwa shekaru dubbai, idan aka fito da shi aka bar shi ya bushe da gaggawa, dardarewa yake yi, shi ya sa masu sana'ar kirki suke busar da shi sannu a hankali na tsawon shekaru, kuma duk da haka kaso mai yawa yakan tafi a banza. Saboda haka ya kamata mai saye ya nemi hotuna na kusa, na bakin kan lofen, da gindinsa, da wurin da mariƙi, wato ɓangaren da ake sawa a baki, yake shiga cikin wuyan lofen, domin a nan ne itacen ya fi siranta kuma ya fi saurin karyewa. A duba kaurin bangon kan lofen, kada a yarda da siriri komai kyawun ƙirarsa. A kuma leƙa cikin ramin wuyan: morta ta gaskiya launinta ya ratsa har ciki, amma oak na yau da aka rina baƙi, cikinsa yakan nuna fari. Takardar gwajin shekaru da wasu masu sayarwa suke haɗawa da lofen abin sha'awa ce, sai dai ba ta cewa komai game da yadda aka busar da itacen, kuma lofe mai shekara 5,000 da ya tsage ba ya da amfanin da mai shekara 2,000 lafiyayye yake da shi.

Wajen sha, abin da na fi yabawa shi ne morta ba ta ƙara wa taba wani ɗanɗano nata, ba kamar sabon briar ba da yakan ɗauki lokaci kafin ya daidaita. Ta fi dacewa da gaurayen taba da ke da Latakiya, tabar nan mai ƙamshin hayaƙi wadda ta samo sunanta daga birnin Latakiya na Siriya. Taba mai zaƙin turare kuwa, a bakina, takan fito salam a cikinta. Morta tana ɗaukar zafi da sauri fiye da briar, don haka mai zuƙa da gaggawa zai iya ƙona bangon ciki, kuma dole ne a bar ta ta huce sarai kafin a zare mariƙin don gogewa. Ya zama wajibi in faɗi cewa tsufan itacen da tsadarsa ba sa rage illar taba ko kaɗan, domin shan lofe yana jawo cutar dajin baki da maƙogwaro, kuma wanda bai taɓa sha ba kada kyawun itace ya ja shi.

Game da mariƙi, na fi son na baƙar roba mai tauri da ake kira ebonait, saboda ya fi laushi a haƙori, ko da yake yana dusashewa ya koma kore-kore idan ya sha rana, sai an riƙa goge shi. Na akirilik ba ya canza launi, amma yana da tauri a baki.

Farashin morta yakan zarce na briar mai matsakaicin daraja, kuma idan aka yi la'akari da wahalar haƙowa, da shekarun busarwa, da yawan abin da ake zubarwa, ban ga zalunci a ciki ba. Wanda yake neman lofe ɗaya tilo da zai riƙa jefawa aljihu kullum, briar ya fi masa, domin ya fi jure faɗuwa. Wanda kuma ya riga ya saba da lofe, yake sha a natse, to ya nemi morta mai feshin yashi, mai kaurin bango, daga masassaƙin da zai iya gaya masa inda aka ciro itacen da tsawon lokacin da ya yi yana bushewa, kuma ya amince a mayar masa da shi idan aka ga tsaga da isowarsa.