Lazir mai launin tek: katako ɗaya, launi biyu

Da a makon da aka shafa wa dandamalinmu lazir, wato ruwan launin da ake shafa wa katako, na rubuta wannan sharhi, ko tauraro ɗaya ba zan ba shi ba. Yanzu da damina ta wuce a kansa zuciyata ta ɗan sauka, amma ba duka ba.

Dandamalin katako ne a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram, ƙarƙashin rumfa, inda mahaifinmu ke zama da baƙinsa bayan la'asar. Jan katako ne na da can, rana da ƙura sun mayar da shi toka-toka. Gara ta cinye gefen da ke jingine da bango, kafinta ya ciccire allunan da suka lalace ya sa sababbi. Irin na da bai samu ba. Tun da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 katakon da ke zo mana ta Kano ya yi tsada, ko da aka buɗe ma bai sauko yadda muke so ba, don haka farin katako aljihu ya iya. Ga shi kuma suna ya matso, mutane za su cika gida, ga dandamali rabi fari tas, rabi kamar an tono shi daga ƙasa.

Wani shagon kayan fenti na shiga a gefen Kasuwar Dole. Ba sai na faɗi kuɗin gwangwani mai lita biyu da rabi ba, duk wanda ya yi gini a Damagaram kwanan nan ya san jaka nawa ake ajiyewa. Har hoton dandamalin na nuna wa mai shagon a waya, na ce mishi tsoho da sabo nake son su zo ɗaya. Ya miƙo mini wani guntun katako mai sheƙi, launin katakon tek, wato ruwan ƙasa, ya ce: "Alhaji, wannan ko ƙofar fada ka shafa wa, ba mai gane ta da sabuwa. Shafa ɗaya ya isa." Shafa ɗaya ya isa! Har yau in na tuna maganar nan raina sosuwa yake.

Da safe yaron kafinta ya shafa. Yana jiƙe kam abin gwanin sha'awa, duka allunan sun yi launi guda, har na kira uwargida ta zo ta gani. Kafin azahar ya fara bushewa, sai kowane katako ya nuna halinsa. Sababbin suka koma ruwan lemo mai haske, kana ganin sawun buroshi layi-layi a kansu. Tsofaffin kuwa suka yi baƙi ƙirin, da dabbare-dabbare a kewayen ƙusoshi, bakin allunan inda zarto ya yanka ya fi ko'ina duhu. Bambancin ya ninka na kafin a shafa. Baba ya fito da carbinsa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "To, wannan dandamali ne ko darduma mai ratsi?" Bai ƙara ko kalma ba, ya sa aka shimfiɗa mishi tabarma a ƙasa. Wannan ya fi mini zafi fiye da kuɗin.

Na koma shagon da sauran gwangwanin. Mai shago ko kallon hoton bai yi da kyau ba, ya ce an riga an buɗe, ba ya karɓa, kuma "Alhaji, ai katakonka ne ba shi da kyau." Katakon da ya gani a waya da idonsa kafin ya karɓi kuɗina.

Wani dattijon kafinta a Zango ne ya fitar da ni. Ya zo ya durƙusa, ya shafa tsohon allo da tafin hannu, ya kankare shi da farce, wani gari mai toka-toka ya fito. Ya ce: "Ɗana, lazir ba fenti ba ne. Fenti rufewa yake, wannan shiga yake cikin katako, abin da ke ƙasa yana nan ana ganinsa." Yadda ya yi mini bayani, hasken rana ne ke cinye fatar saman katako har ta yi laushi ta buɗe, shi ya sa tsoho ke shan ruwan launi da yawa ya yi duhu. Sabo kuma da ya fito daga injin gogewa samansa a toshe yake, santsi gare shi, kaɗan yake sha. Ga kuma asalin launinsu daban, ɗaya ja ɗaya fari. Sannan ya sa sanda ya motsa gwangwanin, sai ga launi ya kwanta a gindi, kauri kitif. Ashe rabin abin da aka shafa wa sababbin allunan tsararon ruwan saman gwangwanin ne. A jikin gwangwanin an rubuta a motsa, amma da Faransanci, da rubutun da sai mai tabarau.

Aikin da ya yi ba na gaggawa ba ne. Ya goge tsofaffin da sanfefa mai kaushi har jan katakon ya leƙo, ya bi da mai laushi. Sababbin ma ya ɗan kakkarce su don su buɗe. Bai taɓa dandamalin da buroshi ba sai da ya gwada a guntayen da suka rage na kowane iri, ya bar su suka bushe a rana, don launin jiƙaƙƙe ba shi ne na gaskiya ba. Ya sa na ƙaro ƙaramin gwangwani mai duhu, na kamfani ɗaya, ya gauraya wa sababbin, ya yi musu shafa uku. Tsofaffin kuwa ya tsinka nasu, shafa ɗaya siriri, yana bi da tsumma yana share abin da ya yi yawa. Kuma da yamma kawai yake aiki, yana bin tsawon allo daga kai zuwa kai ba tsayawa a tsakiya, ya ce a zafin nan namu da ke wuce digiri 40 a bazara, kafin ka dawo da buroshi inda ka fara ya bushe, sai mahaɗa ta fito.

A nan dole in yi wa kayan adalci. Da aka bi da shi yadda ya kamata, ya yi kyau ƙwarai. Ranar suna ba wanda ya lura, sai wanda na nuna wa. Ruwan Agusta ya yi ta feshi ta gefen rumfa, ka ga ɗigon ya dunƙule a saman katako bai shiga ba. Bai ɓare ba, bai tsattsage ba, sabanin bencin maƙwabcina da aka yi wa verni, man da ke sa katako sheƙi, wanda tun kafin ruwan farko ya fara tashi ɓawo-ɓawo. Ana zubar da shayi a goge, ba tabo. Ta wannan fuska kuɗina bai faɗi ba.

Amma fa in na zauna na yi lissafi sai abin ya dawo mini sabo. Kuɗin gwangwani na biyu, kuɗin sanfefa, ladan dattijo, duk saboda mutum ɗaya ya ƙi buɗe baki ya ce a gwada a guntu tukuna. Abin da aka rubuta cewa lita ɗaya za ta rufe kuwa, wataƙila a katakon Faransa ne. Tsohon katakon Damagaram shanye shi yake yi kamar ba a zuba ba. Bushewarsa ma ba ta kai saurin da suka ce ba a shafa na biyu da na uku, ya kwana yana danƙo, iska ta taso da dare ta watsa mishi rairayi, har yanzu akwai allo biyu da in ka taka ba takalmi za ka ji ƙaiƙayin yashi. Wanda zai yi wannan aiki da hunturu, Allah ya ba shi haƙuri. Warinsa kuma sai da ya kori yara daga tsakar gida.

Da safe in rana ta bugo ta gabas ana ɗan gane sababbin, sun fi haske, kuma gefen da rumfa ba ta kare ba ya fara koɗewa, dattijon ya ce sai an sake shafa mishi kafin bazara. Na je ɗauko ragowar da na adana don wannan, na tarar murfin bai koma ya rufu da kyau ba tun buɗewar farko, fata mai kauri ta kama samansa, na ƙasan ya daskare. Sai dai wani sabon gwangwani ke nan, kuma ba a shagon nan ba.