Hattara da mai tallar "batirin Toyota" a kasuwannin Jigawa

Naira 750,000. Kuɗin riɗina na bana kaf, har da abin da na ranto wajen yayana. 750,000 wani ɗan damfara ya raba ni da su a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da rana tsaka.

Keke mai lantarki gare ni, na saya ne bayan cire tallafin mai a 2023, batiransa na dalma kuma sun gaji. Mutumin ya ce nasa sabon samfuri ne daga Japan, babu ruwa a cikinsa, ba ya kama da wuta, minti goma ya cika. Har yanzu muryarsa nake ji: "Alhaji, wallahi daga Gumel ka je Kano ka dawo ba ka nemi caji ba." Ya dafa kafaɗata yana faɗa. Ya dafa kafaɗata!

Masu cewa na yi wauta, ku saurara. Sai da na sa ya jona mita, ta nuna bolt 72. Na ɗaga, na ji bai kai na dalma nauyi ba, kuma haka na litiyam yake. Me kuma ake so in yi?

Ko Sule Tankarkar ban kai ba ya mutu. Da mai gyara ya farke akwatin, tsofaffin batiran kwamfuta ne aka ɗaure da salatif, ƙasan an cika da yashi, babu ma allon da ke daidaita caji. Ya ce tsohon batiri ma yakan nuna bolt cikakke, ƙarfin riƙe wuta ne babu.

Au, tun kafin kasuwar ma ɗan damfaran ya fara turo min bidiyo a WhatsApp. Ɗan ƙanwata ne daga baya ya ce, "Kawu, ai Toyota da kansu 2027 ko 2028 suka ce za su sa irin wannan a mota." To shi a ina ya samo? Har da neman kafin alƙalami na batirin gishiri, wai yana hanya. Wannan kam akwai shi, kamfanin batir na CATL na China ya fitar a 2021, da shi yake rufe bakin mutane.

Layinsa a kashe. Rasit da muryoyinsa suna wayata, zan saka su da daddare. 750,000, Allah ya isa.

Kada ku biya sai mai gyaranku ya buɗe a gabanku.