125, 250 ko 300? Amsa ga mai neman baburin tirayal na farko

Malam, ka ce shekara goma sha biyu kana hawan babur mai cc 650 a kan kwalta, nauyinka kilo 85, yanzu kuma sha'awar tirayal ta kama ka, wato wasan nan na hawa duwatsu da kututture da gangare a tsaye a kan babur, ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Ka ga ana sayar da 125 da 250 da 300, zuciyarka kuma ta karkata ga 300, don a ganinka wanda ya saba da 650 ai 250 abin wasan yara ne a wajensa. Ni dai 250 zan ce ka ɗauka. Amma bari in jera maka su gefe da gefe, don akwai mutumin da 125 ne daidai shi, akwai kuma wanda ba abin da zai ishe shi sai 300.

Ka fara ajiye lissafin kwalta tukuna. A tirayal ba a ba kowa lada don ya yi gudu. Maki ma na laifi ne: ka sa ƙafa sau ɗaya a rubuta maka 1, sau biyu 2, sau uku ko fiye 3, ka faɗi ko ka fita daga iyaka ko ka kasa ƙarasawa a rubuta 5. Wanda ya fi kowa ƙarancin maki shi ya ci. Yawancin aikin a giya ta ɗaya zuwa ta uku ake yin sa, sau da yawa da saurin da mai tafiya da ƙafa zai wuce ka. Baburin kansa ba shi da wurin zama, nauyinsa yana tsakanin kilo 65 zuwa 75, tankinsa bai cika kai lita uku ba, iskar tayar baya kuwa ana rage ta har ta yi lagwai-lagwai don ta rungumi dutse. A irin wannan babur, lambar cc ba gudu take nufi ba. Abin da take gaya maka shi ne irin ƙarfin da zai isa tayar baya a daidai lokacin da hannunka ya ɗan motsa totur, ko da gangan ka motsa shi ko bisa kuskure.

Wani abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne, a wajen yawancin kamfanoni jikin baburin ɗaya ne daga 125 har 300. Tsawo ɗaya, tayoyi ɗaya, inci 21 a gaba da 18 a baya, nauyi ma bambancinsa bai taka kara ya karya ba. Don haka kada ka ɗauka 125 zai yi maka kaɗan a jiki, ko 300 ya fi cika ƙafa. Tsakanin 250 da 300 ma faɗin fistin ne kawai ya bambanta. Ɗauki GasGas misali: tafiyar fistin milimita 60 ce a dukkansu, sai dai faɗinsa 72.5 ne a 250, 76 a 280, 79 a 300. Wannan ya ba da cc kusan 248 da 272 da 294. A takarda ratar cc 46 ce kacal tsakanin na farko da na ƙarshe, amma hakan kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na girman injin, kuma duk yana fitowa ne a ƙasa-ƙasa, inda injin bai ko fara kuka ba.

To mu kai su fili. Ka ɗauka ga wani lungu da za ka juya babur har kan ya kai maƙura, ƙasa kuma tana da ɗan tudu. A kan 125, in ka bar injin yana lilo shi kaɗai zai iya mutuwa, don haka dole ka ɗan ɗaga totur ka riƙe shi a wuri ɗaya, yatsanka ɗaya yana wasa da kuloci, ƙafarka tana taɓa birkin baya. Aiki ne, amma in hannunka ya zame ba abin da zai faru, baburin zai ɗan yi gaba ne ya jira ka. A kan 250 injin yana jan kansa a hankali, kuloci kaɗan ya isa, hankalinka ya koma kan inda za ka sa tayar gaba. A kan 300 ma yana jan kansa, har ya fi, sai dai kowane bugun fistin kana jin sa yana tunkuɗa ka. Kuma ga inda matsalar take: sabon mahayi in ya ji zai faɗi, hannu yake ƙanƙamewa, hannun dama kuwa a kan totur yake. A 250 wannan kuskuren maki ɗaya ne. A 300 sai ka ga baburin ya bar ka a tsaye ya tafi neman bishiya.

Sai hawan dutse mai tsayin gwiwa ko cinya. Nan ne masu son 300 suke da hujja, kuma hujjar gaskiya ce. Daga tsaye, da ɗan fili kaɗan, 300 zai ɗaga gaba ya cilla ka sama ba tare da ka murɗa sosai ba. 250 zai hau dutsen nan, sai dai yana so ka ba shi totur da wuri, ka danna da ƙafafu, ka saki kuloci a kan lokaci. 125 kuwa sai ka sa injin ya yi ihu sosai kafin ka saki kuloci, kuma in jikinka bai taimaka ba, tayar baya za ta daki dutsen ta tsaya. Abin tambaya shi ne wane irin dutse za ka hau a shekararka ta farko da ta biyu. Duwatsun da suke buƙatar 300 da gaske, irin waɗanda suka kai ƙirjin mutum ko suka fi, ba na sabon shiga ba ne. Kafin ka kai gare su ka riga ka canja babur. Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba: da yake 300 yana hawa ƙananan duwatsu da ƙarfin tsiya, sai ya rufa maka asiri. Ka hau, ka yi murna, alhali ba ka koyi yadda ake haɗa ƙafa da kuloci da totur ba. Ranar da dutsen ya fi ƙarfin injin, sai ka tarar ba ka da komai a hannu.

Wuri na uku shi ne wanda ya fi raba gardama, wato tudu mai santsi, laka ko jiƙaƙƙen saiwa ko gansakuka a kan dutse. A nan taya ce ke da iyaka, ba inji ba. Duk ƙarfin da ya wuce abin da taya za ta iya riƙewa, jujjuyawa a banza yake zama. Gwani yana jin daɗin 300 a nan, don zai sa giya ta uku ko ta huɗu, ya bar injin yana gurnani ƙasa-ƙasa, tayar tana cizon ƙasa a hankali. Amma hakan sai da hannu mai laushi wanda aka yi shekaru ana horarwa. Mai koyo a kan 300 ɗan ƙari kaɗan zai yi taya ta ɓalle. 250 yana da faɗin wurin kuskure, ka ƙara kaɗan ko ka rage kaɗan bai cika fushi ba. 125 yana samun riƙo abin mamaki, don ba shi da ƙarfin da zai ɓarar, sai dai in tudun ya yi tsawo kuma mahayin yana da nauyi, numfashinsa yakan ƙare kafin a kai sama.

Ni kaina da 300 na fara, da irin tunaninka. Abin da na fi tunawa da shi ba hawan dutse ba ne, gajiyar damtse ce. Bayan awa ɗaya hannuwana sun sage saboda riƙon babur da ke son ƙwacewa, daga nan kuma duk abin da na yi kuskure ne. Da na koma 250 sai na ga ina yin awa uku ina kuma koyon wani abu.

Wannan gardama ma tsohuwa ce. Kafin tsakiyar shekarun 1960, manyan babura 'yan Ingila masu cc 350 da 500 ne suke cin kasuwar wasan. Sammy Miller, wanda ya yi suna a kan Ariel mai cc 500, shi ne ya koma kamfanin Bultaco na Sifaniya aka ƙera Sherpa T mai cc 244, ya ci gasar kwana shida ta Sikotilan da shi a 1965. Cikin 'yan shekaru manyan injunan nan suka zama tarihi. Rabin girma, amma ya fi sauƙin sarrafawa.

To wa 125 ya dace da shi? Matashi, ko duk mai ƙaramin jiki, ko babban da ya ƙudura zai koyi sana'ar daga tushe ko da zai sha wuya. Ba abin raini ba ne ko kaɗan, a gasar duniya ma akwai ajin 125 na matasa, kuma abin da yaran nan suke hawa da shi ya fi abin da ni da kai za mu taɓa gwadawa. Sai dai a kilo 85 zai sa ka aiki fiye da kima a dogon tudu. 300 kuwa na wanda ya riga ya gwane ne, ko mai nauyi sosai, ko wanda yake hawa a tsaunuka masu nisa sama. Wannan na ƙarshen dalili ne mai ƙarfi, domin iska tana sirancewa, inji yana asarar kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. A mita 2,000, injin 300 ya kusa komawa 250 da kansa.

Akwai na tsakiya. Kamfanin Beta sun yi Evo 200, wanda a ganina shi ne baburin koyo da aka fi yi wa rashin adalci: sauƙin kai irin na 125, da ɗan ƙarfin ƙasa da zai hana shi yawan mutuwa. In ka samu, kada ka wuce shi don lambar ta yi maka ƙanƙanta. 280 kuwa kada sunan ya ruɗe ka, ya fi kusa da 300 a hali.

Duk waɗannan injuna ne masu bugu biyu, waɗanda ake gauraya wa fetur da mai. Masu bugu huɗu lissafinsu daban ne. Montesa Cota 4RT mai cc 259 da 301RR mai cc 298, da injin Honda, sun ɗan fi nauyi, ƙarfinsu yana zuwa a shimfiɗe, kuma da ka saki totur injin yana riƙe babur kamar an taka birki, abin da wasu ke so a gangare wasu kuma ba sa jurewa. Tayar da su ma sai ka koya: doguwar taka ɗaya mai santsi, ba tare da taɓa totur ba. Irin wannan injin Toni Bou yake hawa, kuma tun 2007 yake lashe kambun duniya shekara bayan shekara, amma kada wannan ya shiga lissafinka, hannun Bou ba a sayar da shi tare da baburin. 4RT ɗin dai ya dace da mai koyo in yana son halinsa.

Maganar kik ma kada ka raina ta. A rana ɗaya ta koyo za ka tayar da inji sau da yawa, wani lokaci a karkace a gefen tudu, ƙafa ɗaya a kan dutse, kana haki. 300 yana da matsi sosai, sai ka taka da gaske. 250 ya fi sauƙi, 125 kuwa ko a gajiye za ka tayar da shi. Kik ɗin Beta Evo mai bugu biyu a hagu yake, sai an ɗan saba.

In kuma ka riga ka ga 300 mai lafiya a hannu, ba ka samu 250 mai kyau ba, ana iya rage masa zafi. Ana sa totur mai jinkirin buɗewa, a wajen Domino, kamfanin da ke ƙera totur, baƙin bututu ne mai jinkiri, fari mai sauri. Ana ƙara wa faifan da ke juyawa da injin nauyi don ya daina zabura ya kuma rage mutuwa. Ana sa kan silinda mai ƙarancin matsi, wanda zai sauƙaƙa kik ɗin ma. Yawancin na zamani kuma suna da maɓalli mai zanen rana da na ruwan sama, ka bar shi a na ruwan. Beta ma suna da 300 SS da suka lausasa tun daga masana'anta. Duk wannan yana aiki, sai dai ka lura kuɗi da lokaci kake kashewa don ka mai da 300 ya zama 250.

In na hannu za ka saya, lafiyar babur ta fi lambar injin muhimmanci: 250 da kulocinsa ke kamawa ko shokarsa ta mutu ya fi 300 mai lafiya wahalar koyo. Kafin ka biya, roƙi mai shi ya bar ka ka hau a fili mai laushi. Kada ka gwada ɗaga gaba. Ka sa giya ta ɗaya, ka tsaya a kan matakan, ka yi ta zana lamba 8 a ƙasa, ƙarama iya yadda za ka iya, na minti goma. In a ƙarshe yatsanka bai bar kuloci ba don tsoron kada ya ƙwace, kuma damtsenka ya fara zafi, wannan injin ya yi maka yawa a yanzu. Ka gwada na ƙasa da shi a ranar, tun hannunka bai manta ba.