Tebur ko Saƙar RDF: Wanne Ya Fi Dacewa da Bayanan Halittu?

Mai tattara bayanan tsirrai da dabbobi yana da hanya biyu: tebur, ko RDF, wato tsarin saƙa bayanai ta hanyar alaƙar da ke tsakaninsu. Ta farko tebur ce: kowane layi samfuri ɗaya, da sunansa, da inda aka gan shi, da ranar. Tsarin Darwin Core, wanda ƙungiyar TDWG, mai tsara ƙa'idojin bayanan halittu, ta amince da shi a 2009, ya daidaita sunayen guraben, kuma da shi GBIF, cibiyar bayanan halittu ta duniya mai hedikwata a Kwapanhagan, ta tara bayanai sama da biliyan 2. Tebur sauƙi gare shi, ko ɗalibi zai iya cikawa.

Matsalar tebur ita ce bai san ma'ana ba. Ɗauki sunan Morus: jinsin bishiya ne, kuma jinsin wani tsuntsun teku ne. A tebur, haruffa biyar ne kawai, sai kwamfuta ta haɗa tsuntsu da itace ba ta sani ba. A nan RDF ta yi zarra. Kowane abu tana ba shi adireshinsa na intanet, sannan ta rubuta alaƙa cikin gaɓa uku: wannan ƙwaro, yana cin, wancan ganye. Da SPARQL, yaren yi wa bayanan RDF tambaya, kana iya yin tambaya guda ta ratsa gidan adana samfura, rumbun ƙwayoyin gado da bayanan muhalli.

Sai dai RDF tana cin lokaci da ƙwararru, kuma adireshin da ya mutu yakan tsinke zaren. Ni dai, in ƙidaya ce kawai, tebur ya wadatar. In kuwa ana neman sanin wa ke cin wa, wa ke barbarar wane fure, RDF zan ɗauka.