Shinkafar da ba sa aiko mana

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata man zafin da ta ce yana cikin kayan Alhaji.

Ka ce idan na leƙa Bankok, babban birnin Tailan, in duba maka yadda harkar shinkafa take a wurin masu ita. To, gona dai ban je ba, injin casa ma ko ɗaya ban shiga ba, kwana huɗu kacal na yi na koma Kuala Lumpur bakin aiki. Abin da zan ba ka labari a kan teburin cin abinci na gan shi, kuma ina ganin ya shafi sana'arka fiye da yadda na zata lokacin da muka zauna.

Mu huɗu ne. Akwai Alhaji, wanda ka san shekara goma sha yana zuwa kasuwar Pratunam ta Bankok sarin riguna da takalma yana kaiwa Kwari. Akwai likitan nan ɗan Damagaram da muka taho tare daga Malesiya, tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci a jirgi. Sai mai masaukinmu, ɗan Pattani, abokin karatuna. Kudancin Tailan can wajen iyakar Malesiya, wato Pattani da Yala da Narathiwat, yawancinsu Musulmi ne masu jin Malayanci, ko da yake a ƙasar gaba ɗaya mabiya addinin Buddha ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ne ya ce abin kunya ne a ce Alhaji ya yi wannan shekaru yana zuwa ƙasarsu bai taɓa cin abincinsu ba. Gaskiya ya faɗa. Alhaji daga masauki sai kasuwa, daga kasuwa sai unguwar Nana, layin nan na uku a titin Sukhumvit inda Larabawa da 'yan Afirka suke da shaguna, ya ci shinkafa da rago ya kwanta.

Tun mako uku kafin mu zo aka kama mana wuri. Wannan ne abu na farko da ya ɗaure wa Alhaji kai: gidan abinci, da kuɗinka, amma sai an ba ka rana kamar ganin likita, har da kafin alƙalami ta katin banki, in ba ka zo ba ya bi ruwa. Da aka karɓi kuɗin sai suka turo tambaya, me da me ba ma ci. Mai masaukinmu ya rubuta musu dalla-dalla: ba alade, ba kitsensa, ba giya ko a miya ne, nama ma a bar shi gaba ɗaya, a tsaya kan kifi da jatan lande da ƙaguwa. Gidan ba shi da tambarin halal ɗin da majalisar Musulunci ta ƙasar take bayarwa, shi ya sa ya bi ta haka. Da muka isa, kafin mu zauna, yarinyar da ta tarbe mu ta haɗa tafukanta a ƙirji, yadda suke gaisuwa, ta karanto mana sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce kuku ya ware mana tukwane daban. Ka tuna ranar da muka ce wa mai abinci a Zariya kada ta sa wa Baba attaruhu saboda gyambon cikinsa, ta ce to, aka kawo miya ja wur? Ita ta faɗo mini a rai.

Tsohon gidan katako ne a cikin wani lungu, an gyara shi, kujeru ba su wuce talatin ba. Jirgin ƙasan nan da ke bi ta saman titi muka hau, wanda suka buɗe a 1999, don in ka ce mota za ka shiga da magariba a Bankok, sai abinci ya huce kana cikin gosulo. Kicin ɗin a buɗe yake, kana zaune kana kallon masu girki, samari da 'yan mata cikin fararen kaya, babu mai ɗaga murya. Daga can ciki kuma kana jin ƙarar daka, ƙaramin turmin dutse ne da taɓaryarsa. Kayan miyarsu ba a kai wa inji a gidan, da hannu ake dakawa kullum.

Abu na farko da aka ajiye mana loma ɗaya ce tak a kan ganye: soyayyar kwakwa, citta, albasa, gyaɗa, busasshen jatan lande, ɗan yankan lemun tsami da ɓawonsa, da wani miya mai zaƙi-zaƙi. Ana naɗe ganyen a jefa baki gaba ɗaya. Alhaji ya dubi farantin, ya dube ni, ya ce, “Malam, wannan ɗanɗano ne ko an fara?” Na ce an fara, Alhaji. Ya ce Allah Ya kyauta. Amma da ya tauna sai ya yi shiru. Zaƙi da tsami da gishiri da yaji duk sun taso lokaci guda, babu wanda ya danne wani. Wannan daidaiton shi ne ginshiƙin girkinsu, duk abin da ya biyo baya a kansa aka ɗora shi.

Daga nan ne abin ya fara ba ni dariya, yana kuma ba ni haushi. Kusan duk abin da aka kawo, ɗan gidanmu ne aka sa wa babbar riga. An kawo kwaɗon ɗanyar gwanda, wadda mu in iska ta kaɗo ta sai awaki. An kawo soyayyen kifi da miyar tsamiya, tsamiyar nan dai da Inna take jiƙawa ta dama kunu, an haɗa ta da sukarin da suke samu daga wata bishiya 'yar uwar giginya, ɗanɗanonsa kamar mazarƙwaila. An kawo wani dakakken yaji mai wari, ana dangwala ɗanyen ganye da kokwamba a ciki. Likita ya sunsuna ya ce, wallahi daddawa ce. Ba ta kalwa ba ce, ta ƙananan jatan lande ce da ake cakuɗawa da gishiri a shanya har ta ruɓa yadda ake so, suna ce mata kapi, amma aikinsu ɗaya da tamu: in babu ita miya ba ta da uwa. Mu kuwa yanzu amarya kunyar daddawa take ji, sai dunƙulen ɗanɗano na kanti. Su a gidan da ya fi kowanne tsada suke fito da tasu, har a gaya maka daga wane gari na bakin teku aka kawo ta.

Sai abin sha. Sauran teburan giyar inabi ake zuba musu, kowane kwano da irin tasa. Mu aka kawo mana wani jan ruwa a dogon kofin gilashi, yarinyar ta tsaya tana bayani da Turanci a kan wani fure da ake busarwa. Alhaji ya kurɓa, ya ajiye kofin da ƙarfi, ya ce, “Zoɓo ne fa! Zoɓo!” Zoɓo ne kuwa, sun san shi sarai, ana sayar da shi a titunansu ma. Baht 280, a kuɗin ƙasar, kofi ɗaya. Likita ya ce da matan Damagaram masu ƙulla shi a leda za su ji wannan farashi, da an yi zanga-zanga. Abin da zan ce kawai, nasu bai kai namu citta da kanumfari ba, amma kuma ba a cika masa sukari har ya kashe tsamin ba.

Romon jatan landen nan nasu mai tsami da yaji, tom yam, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a ƙarshen 2024, shi ma ya zo, ya yi daɗi, ba zan tsaya a kansa ba. Wuƙa babu a teburin. Cokali a dama, mai yatsu a hagu yana tura abinci cikin cokalin. Tsinken cin abinci da muke zaton duk mutanen gabas da shi suke ci, su sai in taliya za a sha.

Yanzu ga maganarka. Bayan 'yan ƙananan faranti sun wuce, sai aka jera kwanuka biyar a tsakiya lokaci guda, miyar ƙaguwa da madarar kwakwa, kifi, ganye, yajin nan, romo, kowa ya ɗiba, kamar dai yadda ake ci a gidajensu. Sannan wani saurayi ya zo da tukunyar ƙasa ya buɗe. Yaya, ƙamshin ya riga tururin isowa. Shekara nawa kana sauke buhunan da aka rubuta Tailan a jikinsu a Singa, ni ma da ita na girma, amma ban taɓa jin shinkafa mai wannan ƙamshi ba alhali ko gishiri ba a sa mata ba. Fara ce sol, doguwa, mai laushi, tana ɗan kama juna kaɗan. Sunanta hom mali. Saurayin ya ce ta lardin Surin ce, a arewa maso gabashin ƙasar, sabuwar girbi. Sau ɗaya ake noma ta a shekara, da ruwan sama, a girbe wajen watan Nuwamba, kuma suna ɗokin sabuwarta kamar yadda muke ɗokin sabon gero.

Na ce wa mai masaukinmu, ai mu ma shinkafarku muke ci a gida. Na nuna masa hoton buhu a wayata, irin mai kilo 50. Ya duba ya yi murmushi, ya ce wannan ai gumi ce, turararriya, shi tunda aka haife shi bai taɓa ganin an dafa ta a gidan kowa ba. Injinan da ke turara ta don kasuwar waje suke yi, Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wato abin da muke kira 'yar waje, muke fifita ta a kan 'yar Hausa, wadda ake saukewa a Kwatano a biyo da ita ta daji, wadda saboda ita aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 har farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu ita ba sa sa ta a baki. Ba wai mugun abu ba ce. Gumi ta fi jure ajiya da ƙwari, ba ta caɓewa, ita ce ta dace da dafa-duka da garau-garau, kuma sun karanci abin da tukunyarmu take so suka yi mana daidai shi. Ta wannan fuska sai dai a sara musu, 'yan kasuwa ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a teburin nan an san lardin da shinkafar ta fito da watan da aka girbe ta, har ana alfahari da su. Kai kuma in mai saye ya zo shagonka, ta Kura ce ko ta Argungu ko ta Haɗeja, tambayarsa ɗaya ce: akwai tsakuwa? Har yau akwai masu juye tamu a buhun waje don ta shiga.

A harshensu ma, in za a ce cin abinci, cin shinkafa ake cewa, kuma “ka ci shinkafa?” gaisuwa ce. Mutanen arewarsu wata iri suke ci mai danƙo, a ɗan kwando, a gutsura da hannu a mulmula a dangwali miya. Da aka kawo ta a ƙarshe da mangwaro da madarar kwakwa, Alhaji ya ajiye cokali ya ce ai wannan tuwo ne, ba zai ci tuwo da ƙarfe ba. Babu wanda ya kalle shi.

Kada ka zata komai ya yi mini. Awa uku cur muka yi a zaune, sanyin na'ura kamar watan Janairu a Jos. Kowane faranti sai an yi masa huɗuba, har abinci ya fara hucewa ana bayani. Ruwan sha ma na kwalba ne, da kuɗinsa. Kuma duk ladabin nan da murmushi, a aune yake kamar yadda abincin yake a aune. Babu gyara, babu “ƙaro masa nama, baƙo ne”, babu mai cewa ka bari sai gobe ka biya. Mai tuwon bakin tasharmu ba ta san sunan gonar da masararta ta fito ba, amma ta san ranar da aljihunka ya yi sanyi. Shinkafa kaɗai ake ƙarawa kyauta, Alhaji kuwa ya ƙara sau uku.

Da takardar kuɗi ta zo, abin da aka ce mana baht 3,200 ne kowane mutum ya koma 3,766, ban da abin sha. A irin waɗannan gidaje ana ɗora kashi 10 na hidima, sannan a ɗora harajin kashi 7 a kan jimlar. A bakin titi, 'yan taku kaɗan daga ƙofar gidan, farantin shinkafa da miya baht 60 ne. Likita ya buga lissafi a waya ya ce kowannenmu ya cinye kwanon mutum sittin da biyu. Alhaji ya fara zaro kuɗi yana cewa shi ne babba, mai masaukinmu ya ce ya riga ya biya tun da ya tashi kamar zai wanke hannu. Aka yi ta ja-in-ja a bakin ƙofa kamar a Kano, har mai gadi yana dariya.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi Alhaji ya ce a bi ta Nana, wai zai sayi katin waya. Muka same shi a shagon wani Bamisire da faranti shaƙe da shinkafa da cinyar rago. Ya ce abincin can ya yi daɗi ƙwarai, Allah Ya saka wa mai gayya, amma shi bai ji ya sauka ba.

Washegari na shiga kanti na sayi ƙaramin buhun hom mali mai kilo 5, yana cikin kayan Alhaji tare da maganin Inna. Ka ce wa Anti kada ta yi mata dahuwar gumi, wato a tafasa a tace a mayar. Ta wanke ta sau biyu, ruwan ya ɗara shinkafar kaɗan, ba mai ba gishiri, ta rufe a kan wuta marar ƙarfi, kada ta buɗe sai ta tsotse. Ku ci da miyar taushe ko ta kifi. Ka ɗebi gwangwani ɗaya ka kai wa mai injin nan na Kura da kake saye a wurinsa, ya sunsuna, ina so in ji abin da zai ce.