Injin tafiya na ƙarƙashin tebur: abin da ya yi mini da abin da bai yi ba

Ciwon ƙugu ne ya sa na sayi injin nan na tafiya da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin tebur. Aikina na rubutu ne da lissafi, daga safe har yamma ina kan kujera, in rana ta take sai baya ya riƙe, ƙafafu su yi nauyi, barci ya dinga fizgata. Yanzu na kwashe watanni ina amfani da shi. Ya yi aiki, sai dai ba irin aikin da masu tallarsa ke nunawa ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙanin injin gudu ne irin na gidajen motsa jiki. Ba shi da marikin hannu, ba shi da allo a gaba, shimfiɗa ce kawai mai bel da ke juyawa, sai ɗan rimot. Nawa yana farawa daga rabin kilomita a awa ya tsaya a kilomita 6. Nauyinsa ya haura kilo 20, da ƙananan tayoyi biyu a goshi don a iya jansa. Ba a haɗa komai, daga kwali sai soket.

Abin da kwalin bai faɗa ba shi ne maganar tebur. Kana tsaye, ga injin ya ƙara maka tsawon kusan santimita 12, to teburin zama ba zai kai ba ko kusa. Dole sai mai ɗagawa sama, wanda zai kawo kibod daidai gwiwar hannu, allon kwamfuta kuma daidai ido. Jera littattafai a ƙarƙashin laftof dabara ce ta kwana biyu, wuya ce ke biyan bashin. Duk mai lissafin sayen injin ya sa tebur a ciki tun farko.

A kilomita 2 cikin awa ina rubutu lafiya lau, har nakan manta ina tafiya. Da na kai 3 sai haruffa su fara tsallake juna. Aikin linzami kuwa, irin na jan layi a jadawali ko gyaran hoto, ba ya yiwuwa, hannu na lilo tare da jiki. Haka lissafin da ke son nutsuwa, gara in zauna in gama shi. Inda injin ya fi daɗi shi ne karatun dogon rahoto, amsa saƙonni, da taron nan na intanet da mutum zai yi awa guda yana saurare bai ce uffan ba. In kyamara na kunne, abokan aiki za su ga kanka na hawa da sauka, kuma sai sun tambaya.

Dalilin da ya sa ban ɗauki kuɗina a matsayin asara ba, tsohon zance ne. Tun 1953 likita Jerry Morris ya wallafa bincikensa kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na Landan, ya gano cewa kwandastoci, da ke yini suna hawa da sauka a matakala, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke yini a zaune ba. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai wannan na motsi wancan na zaune. A 2023 kuma Keith Diaz da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia ta Amurka suka gwada hutu iri-iri a kan mutanen da aka zaunar awa 8. Wanda ya fi tasiri shi ne tafiyar minti 5 bayan kowane minti 30: hauhawar sukarin jini bayan cin abinci ya ragu da kashi 58 cikin 100, hawan jini ma ya ɗan sauka. Mutum 11 kacal aka gwada, don haka ba abin rantsuwa ba ne, amma ya dace da abin da na ji a jikina. Kasalar nan ta bayan abincin rana ita ce ta fara tafiya, riƙewar ƙugu ta biyo baya a hankali.

Sai dai a nan ne talla ke wuce gona da iri. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, ga kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Tafiyar da mutum zai iya buga wasiƙa a cikinta ba ta kai nan ba. Tana shiga ne ƙarƙashin ɗaya shawarar hukumar, wato a rage zama a maye gurbinsa da motsi ko yaya yake. Mai neman rage ƙiba ma ya sassauta buri. James Levine, wanda ya yi fice wajen yayata teburin tafiya, lokacin da yake asibitin Mayo ya auna cewa jiki na ƙona ƙarin kalori ɗari da ɗoriya a awa idan aka kwatanta da zama. Ba laifi, amma ni dai ma'aunin nauyi bai nuna mini wani abin a zo a gani ba.

Yana da halayensa masu ban haushi. Ƙarar injin kanta ba ta da yawa, takun ƙafa ne ke ratsa bene, sai da na shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa kafin abin ya lafa. A ofishin da ake zaune da jama'a ban ga yadda za a jure shi ba. Bel yakan zame gefe guda ya fara gogar baki, sai ka durƙusa da ɗan makullin da ya zo da shi, ka murɗa kusoshin baya kwata-kwata, ka kunna, ka duba, ka sake. Yana kuma son man silikon a ƙarƙashin bel lokaci-lokaci. In aka yi sakaci za a ji injin na nishi, murfinsa ya ɗau zafi. Manhajar waya da aka haɗo shi da ita ba ta tsinana komai, na goge ta. Agogon ƙirga taku kuma ba ya ganin tafiyar, tunda hannu na kan kibod, sai dai a sa waya a aljihu.

A kwanakin farko in na sauka nakan ji kamar ƙasa na tafiya da ni na ɗan lokaci, daga baya abin ya bari. Tunda babu mariki, mai jiri ko wanda ƙafarsa ba ta da ƙwari ya tuntuɓi likita kafin ya hau. Gidan da ke da yara kuma a zare shi daga wuta a ɓoye rimot, bel mai juyawa na iya kama ɗan yatsa.

Babban abin da ke raba injin da ake amfani da shi da wanda ya zama wurin ajiye kaya shi ne wahalar fito da shi. In sai ka ture kujera, ka jawo kilo 20 daga ƙarƙashin gado, ka ɗaga tebur, ka jona wuta, to gobe ba za ka yi ba, jibi ma haka. Ni sai da na bar shi a shimfiɗe a gefe ɗaya na tebur, kujera a ɗaya gefen, sannan ya shiga jikina. Wannan kuwa na son fili.

Mai aiki daga gida, ko mai ofishi shi kaɗai, wanda yawancin aikinsa karatu ne da waya da taro, zai more shi. Wanda ba shi da fili ko teburin ɗagawa, ya saita ƙararrawa a waya ya miƙe duk rabin awa ya zaga, zai samu kaso mai tsoka na amfanin ba tare da ya kashe ko sisi ba. In kuma an yanke shawarar saye, a duba faɗin bel kada ya gaza santimita 40, a duba iyakar nauyin da aka rubuta yana ɗauka a bar rata, sannan a tambayi tsawon garantin injin cikinsa, don shi ne ke shan wahalar doguwar tafiya a hankali.